Ɓerayena da Haƙorin Makkan Hajiya Memuna

Sai da muka tsallaka iyaka uku kafin motarmu ta shiga Akara, garin da Hausawan can suke kira Ankara. Na sauka a tasha da hantsi, ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, na riƙe shi a hannu. Akwati ɗaya gare ni, da jakar littattafai, da ƙullin kuka da daddawa da mahaifiyata ta cusa mini a ƙasan kaya, wai ta ji an ce mutanen bakin teku ba su san miya ba. Shekarata talatin da biyu a lokacin. Na baro aikina na duba haƙori a wani asibiti a Malumfashi, na baro maigidana, na baro 'yata Ummi mai shekara huɗu a hannun kakarta, na zo karatun digiri na biyu a kan magunguna.

Ɗakin da zan zauna tun ina gida na kama shi ta waya. Wani dillali ne mai daɗin baki ya turo mini hotuna: ciki da falo a unguwar Kokomlemle, farin fenti, koren labule. Na tura masa abin da ya nema. Da na sauka na kira shi, wayar a kashe. Ban damu ba, tunda ina da kwatance, na ɗauki tasi.

Gidan yana nan, ɗakin yana nan, har koren labulen yana nan. Sai dai a bayan labulen akwai wata tsohuwa 'yar ƙabilar Ga tana gugar kayan zuwa coci. Sunanta Anti Akwele. Na nuna mata hotunan a waya, ta ɗaga tabarau ta duba, ta fashe da dariya, ta ce ai kuwa ɗakinta ne, kuma tun kafin a haife ni take cikinsa. Ta ce ba ni ce ta farko da wannan mutumin ya turo mata ba. Da ta ga na zauna a kan akwati na rufe fuska da mayafi, sai dariyar ta tsaya. Ta kashe dutsen guga, ta kawo mini ruwa mai sanyi, ta bar ni na yi kukana ya ishe ni. Sannan ta tambaye ni yaren da muke yi a gida. Na ce Hausa. Ta ce to ai magana ta ƙare, tana da wadda take sayen wake da shinkafa a wurinta shekara da shekaru, a unguwar Mamobi. Ta kira ta a waya, suka yi ta surutu da wani yare da ban ji ko kalma ɗaya ba, sannan ta ɗaura ɗankwali ta ce in tashi mu hau torotoro. Na ɗauka tsuntsun nan talotalo take nufi. Ashe sunan ƙananan motocin hayarsu ke nan.

Tun daga unguwar Nima kunnena ya fara hutawa. Ta tagar mota nake jin ana sannu da aiki, ana Allah ya kai mu, ga masallatai a kowace kwana, ga ƙamshin ƙosai. Muka sauka muka bi wani lungu da mutum biyu ba sa gittawa sai ɗaya ya karkace, muka ɓulla bakin titi inda layin mutane ya miƙe gaban wata rumfa. A bayan tukunyar da za ta iya cinye ni har da akwatina akwai wata doguwar mace mai jiki, ta ja mayafi ta rufe bakinta kamar mai mura.

Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Kai ne baƙon da ɓarawo ya cuta?"

Na waiwaya in ga namijin da take wa magana. Babu kowa sai akwatina. Nan na fara koyon Hausar Zango, inda mace da namiji duk kai ne, duk shi ne. Hajiya Memuna ke nan. Kakanta Bakano ne da ya zo fataucin goro bai koma ba, mahaifiyarta Badagomba. Ta sa aka shigar da kayana ɗakin 'yarta da ta yi aure a Kumasi, ta miƙo mini abinci a cikin ganye, ta ce in ci tukuna, sauran magana sai ciki ya ɗauka. Wake da shinkafa ne da aka dafa da karan dafi ya yi jawur, an zuba masa garin rogo da taliya da ganda da wani baƙin yaji mai kifi da suke kira shito. Su waakye suke ce masa. Na ci ina hawaye, rabi na yaji rabi na dillali. Sunana Zulaihatu, amma tun daga ranar na koma Zule.

Makarantarmu tana kan hanyar wata unguwa da ake kira Madina, don haka kullum da sassafe nake tsayawa bakin titi ina sauraron kwandastoci suna kiran sunan Madina kamar masu rigima da ita. Malamar da ke duba aikina, wadda kowa ke kira Dakta kawai, mace ce 'yar siririya da ba ta maimaita magana. Ranar farko ta ce tunda na san baki, aikin haƙori za ta ba ni. Na yi murna. Sai ta kai ni wani gini a bayan sashenmu, ta buɗe ƙofa, warin dusar katako ya buge ni, na ga keji jere da keji, kowanne da fararen ɓeraye masu jajayen idanu suna kallona.

Ni fa ko a gida in ɓera ya gitta, kan gado nake hayewa in kira maigida.

Mai kula da ɗakin dabbobin wani dattijo ne, Mista Ofori, dikon coci, mai furfura a gira. Yakan yi wa ɓerayen waƙoƙin cocinsu a hankali yana canza musu ruwa, ya ce sun fi cin abinci in sun ji murya. Shi ya koya mini kama ɓera: a tallafe shi ta kafaɗa, ba a fizgar wutsiya, kuma ba a shigowa da fushi don suna ji a hannun mutum. Na farko da na ɗauka ya yi mini fitsari a hannun riga. Mista Ofori ya ce madalla, an karɓe ni ke nan.

Aikin kansa ba shi da wuyar faɗa. An daɗe da sanin cewa wani nau'in maganin hawan jini yakan sa dasashin wasu mutane ya yi tsiro ya hau kan haƙori, musamman in akwai dauɗa a gindin haƙorin. Akwai kuma wani nau'in da ake zaton yana rage kumburin dasashi da zaizayar ƙashin da ke riƙe haƙori. Mu so muke mu gani da idonmu. Sai a sa wa ɓera maganin barci, a ɗaura masa siririn zare a gindin turmin haƙorinsa, zaren ya tara dauɗa har dasashin ya kamu da ciwo. Daga nan a raba su gida uku: 'yan keji na biyu ana ba su amlodifin, mai sa dasashi tsiro, waɗansu losatan, wanda ake zaton yana rage kumburi, waɗansu ruwa zalla. Kowace safiya ni ke auna nauyinsu, in ɗura wa kowa rabonsa da wani ɗan bututu, in leƙa bakinsa da fitila, in rubuta abin da na gani. Babu Asabar babu Lahadi. Ɗaura zare a haƙorin ɓera kuwa, wanda bai kai ƙwayar gero biyu ba, sai da na yi mako uku ina kuskurewa kafin na iya.

A gida na ce musu aikin magani nake yi, ban ƙara ba. Asirina ya tonu ne ta wajen Ummi. Wata Lahadi da yamma muna magana ta bidiyo a tsakar gida, ta ɗaga murya ta ce in nuna mata ɓerayena. Hajiya tana tsintar wake a gefe. Hannunta ya tsaya a cikin faranti.

Bayan na kashe waya na yi mata bayani dalla-dalla. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Zule, ka bar mijinka, ka bar ɗanka, ka tsallaka ƙasa uku ka zo Ankara kiwon ɓera? Ga su nan cike da gota, kyauta."

Kafin magariba duk gidan ya ji, da masu haya da maƙwabta. Washegari na tarar da bokiti da sabulu a ƙofar zaure, an ce umarnin Hajiya ne, in wanke hannu har gwiwa kafin in taɓa ko murfin tukunyarta. Ban yi musu ba, don dama a can ma haka muke yi. Na zama Zule Mai Ɓera. Mata sukan tare ni a lungu su ce wani ya addabe su a kicin, ko zan zo in yi masa magana.

Wata na uku ne kewa ta kama ni sosai. Ummi ta fara gajiya da waya. In an miƙa mata sai ta ce tana wasa. Ranar da na ji ta kira ƙanwata Mama, ni kuma ta ce mini Maman waya, na shiga ɗaki na kwanta da rana tsaka, ban ci komai ba. Hajiya ba ta tambaye ni abin da ya faru ba. Ta aiko a karɓo ƙullin kukar nan da ta san ina da shi, ta tuƙa tuwo, ta kaɗa miya. Ta zuba mata busasshen kifin teku da barkonon da zai tayar da matacce, ba ta yi kama da miyar gidanmu ko kaɗan ba. Ta zauna a bakin gadona har na cinye. Ta ce ita ma 'yarta ta taɓa ƙin ta wata shida da ta dawo daga aikin Hajji, ga shi yanzu kullum sai ta kira sau uku ta hana ta sakat.

Duk tsawon wannan lokaci ban taɓa ganin bakin Hajiya ba. Da mayafi a baki take sayar da abinci, da shi take dariya, abincinta kuma a ɗaki take ci ita kaɗai. Na ɗauka ɗabi'arta ce. Wata safiya bayan sallar asuba na fito ɗibar ruwa na same ta a bakin famfo tana asuwaki, ta tofar, na ga jini. Ta ɗago ba shiri, mayafin yana kafaɗa. Dasashinta ya kumbura ya yi ƙulu-ƙulu, ya sauko ya rufe rabin haƙoranta na gaba. Haƙorin Makkanta na zinariya ɗan bakinsa kawai ake gani.

Ta ja ni ɗaki ta rufe ƙofa. Ta ce shekara guda ke nan da abin ya fara. Ta daina zuwa biki, ta daina zuwa suna, ita da a da in ba ta iso ba ba a fara raba goro. Kuma ta san wadda ta yi mata: Adiza, mai sayar da waakye a tsallaken titi, wadda ta miƙa mata goro a wani suna, bayan sati biyu baki ya fara. Ta sha rubutu, ta yi hayaƙi, ta kurkura da saiwoyi kala-kala, abin sai gaba yake yi.

Na tambaye ta ko tana shan wani magani kullum. Ta jawo wata leda daga ƙarƙashin filo, ta ce sai dai na hawan jini da asibiti suka ɗora ta a kai bara waccan. Na karanta sunan da ke jikin kwalin. Shi ne wanda nake ɗura wa 'yan keji na biyu kowace safiya.

Murna ce ta kama ni, irin ta ɗalibin da ya ga amsar jarrabawa. Ban tsaya na auna ba na ce, "Hajiya, ba Adiza ba ce, wannan maganin ne. Bakinki sak irin na ɓerayena."

Ta ja mayafinta a hankali ta mayar kan baki. Ta buɗe ƙofa ta tsaya a gefe, na gane fita ake so in yi. Ina fita ina cewa kada ta daina sha sai ta ga likita, amma ƙofar ta riga ta rufe, kuma rediyonta ya riga ya kama wa'azi.

Kwana tara ba ta yi mini magana ba. In na gaishe ta sai ta amsa wa bango. Abincina dai ba a fasa ajiye mini ba, amma babu ƙwai babu ganda, kuma a Mamobi wannan babban hukunci ne. Na yi niyyar in sake tayar da maganar asibiti, sai in ga fuskarta in fasa, in ce gobe in ta huce. A raina ina ganin fushin ne kawai matsalar. Ban san cewa tun a ranar ta juye ƙwayoyin duka a masai ba. Cikin maganata gaba ɗaya, abu biyu ta riƙe: ɓera, da kuma maganin ne.

Ranar ta goma ina tsaye bakin titi ina jiran motar Madina, layi ya cika gaban rumfa, sai na ji ƙarar ludayi a ƙasa. Hajiya ta dafe ƙeya da hannu biyu, ta yi baya ta zauna a kan buhun gawayi, tana cewa ba ta gani sosai. Kafin in ƙarasa wata gajeriyar mace ta ratso titi a guje, motoci suna taka birki, ta riga ni isa ta tallafe kanta. Adiza ce. Ita ta tsayar da tasi, ita ta fitar da fasinjan da ke ciki da baki, ita ta riƙe Hajiya a cinyarta har asibiti tana tofa mata addu'a.

Da aka auna jininta ma'aikaciyar jinya ta fita da sauri ta dawo da likita. Aka kwantar da ita. Allah ya taƙaita, bai kai ga shanyewar jiki ba, amma likitan ya ce saura ƙiris. Da ya tambaye ta dalilin daina shan magani, ta ɗaga yatsa daga kan gado ta nuna ni ta ce likitan ɓera ne ya ce shi ke cinye mata baki.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Likitan ya fitar da ni baranda, ya saurari bayanina, ya koma ya duba bakinta, ya ce na yi gaskiya a kan dasashin. Sannan ya ce dasashi ba ya kashe mutum a yini ɗaya, hawan jini kuwa yana yi. Da na isa makaranta da azahar, ɓerayena ba su sha magani a kan lokaci ba sai da Mista Ofori ya rufa mini asiri, Dakta ta ƙara mini nata faɗan. Ta ce ɓera ba ya jin magana, shi ya sa ba ya jin rabinta. Mutum kuwa in za ka gaya masa abu a kan maganinsa, ka fara da abin da zai kashe shi in ya bari. Ba ta maimaita ba, ni ma ban buƙaci ta maimaita ba.

Kwana uku Hajiya ta yi a asibiti, kuma ta rantse ba za a rufe rumfarta ba ko da za ta sauko da ledar ƙarin ruwa a hannu. Adiza ta ce ita za ta dafa tukunya biyu. Ni aka ba ludayi daga asuba zuwa ƙarfe bakwai. Masu saye suna yi mini Turanci da Tuwi da Ga da Hausa a cikin numfashi ɗaya, wannan ba ya son taliya, wancan yana son ƙanzo, wata ta ce shito ɗin da na zuba mata ko jariri ba zai ji ba. Naɗe ganye ya gagare ni, abinci yana zubowa ta ƙasa. Wani direba ya ce in dai haka nake ɗura wa ɓerayen, to Allah ya ji ƙansu. Adiza tana tsallake tana kallona tana dariya har tana riƙe ciki.

Da aka sallamo Hajiya, na shiga ɗakinta na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta ce in tashi, ita ma ta yi wauta. Sannan ta ce abin da ya fi ci mata rai shi ne shekara guda tana zagin Adiza a zuci, ga shi matar ta bar tukunyarta a kan wuta ta bi ta asibiti. Da yamma ta aika mata da turmin atamfa, ba ta faɗi dalili ba, Adiza ma ba ta tambaya ba.

Likita ya canza wa Hajiya magani zuwa wani nau'in, ya tura ta wajen masu haƙori. Ni na raka ta. Aka kankare dauɗar da ta taru a ƙarƙashin naman, zuwa uku, tana damƙe da hannuna kamar za ta karya shi. Na saya mata buroshi mai laushi, na ce asuwaki yana nan a matsayinsa amma a haɗa da wannan. Kullum da safe sai na tsaya a kanta ta haɗiyi ƙwayarta a gabana, tana mita wai na mayar da ita 'yar keji. Ba a sati ɗaya ba, ba a wata ɗaya ba, naman ya riƙa janyewa. Wajen wata na huɗu, ina dawowa daga makaranta na hango ta daga nesa tana faɗa da mai kawo gawayi, mayafi a kafaɗa, zinariya tana walƙiya a rana. Satin nan suna uku ta je.

Sai kuma ta tayar da rigimar sai ta ga ɓerayen. Na ce ba a shiga. Ta ce ita ba shiga za ta yi ba, gaisuwa za ta je. Na gaya wa Mista Ofori ina dariya, shi kuwa bai yi dariya ba, ya nemi izinin Dakta, aka ce ta tsaya ta bayan gilashi. Ranar ta ci ado da leshi ruwan goro da sarƙa, ta cika kula da waakye mai ƙwai huɗu ta Mista Ofori, muka hau torotoro.

Ta daɗe tsaye a bayan gilashin. Ta ce ba ta zaci haka suke da tsabta ba, sun fi wasu masu hayarta. Mista Ofori ya ɗauko ɗaya daga keji na biyu, ya matso da shi, ya ɗaga masa leɓe a hankali. Hajiya ta sunkuya ta duba, ta kai yatsa ta taɓa nata bakin.

"Sannu," ta ce wa ɓeran. "Ashe kai ma ka sha wuya."

Sannan ta juyo ta tambaya yaushe za a canza musu magani su ma su warke. Na fara kame-kame. Mista Ofori ne ya gaya mata gaskiya: in kwanakin aikin sun cika, za a sa musu maganin barci mai nauyi wanda ba a tashi, a cire muƙamuƙin a duba ƙashin a ƙarƙashin madubin ƙara girma, don ba a iya ganin abin da ake nema in ba haka ba. Hajiya ta juya ta kama hanyar fita. Har muka iso Mamobi ba ta yi faɗa da kwandasta ba, abin da ban taɓa gani ba.

Ranar ta zo a wata Laraba. Na san da zuwanta tun ranar da na fara, na kuma sa hannu a takardun da suka tsara yadda za a yi ba tare da sun wahala ba. Duk da haka da na ɗauki na farko ya lafe a tafin hannuna kamar kullum yana jiran bututunsa, sai da na ajiye shi na fita waje na sha iska. Mista Ofori ya yi waƙarsa tun daga na farko har na ƙarshe. Abin da muka gani a ƙashin daga baya ya shiga kundina, da gargaɗin da Dakta ta sa na rubuta sau biyu, cewa abin da aka gani a ɓera ba hukunci ne a kan mutum ba sai an bincika. Amma ranar Larabar ban yi tunanin kundi ba. Na dawo gida na wanke hannu a bokitin zaure, na wuce ɗaki. Hajiya ta dube ni, ta gane.

Ranar Juma'a na tashi na ji gidan ya cika da ƙamshin masa. Hajiya da Adiza suna zaune gaban tanda biyu, an cika manyan robobi, ga koko a bokiti. Bayan an sauko daga masallaci aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida aka fara rabo. Mutane suna tambaya sadakar mece ce, Hajiya tana cewa ta godiya ce ga Allah da ya ba ta lafiya, sannan kuma abokan aikin Zule ne suka rasu shekaranjiya.

Kafin in ankara an zaunar da ni a kan tabarma, mata suna zuwa ɗaya bayan ɗaya suna yi mini gaisuwa. Na buɗe baki zan yi bayani, Hajiya ta harare ni. Sai ga Baba Ladan, tsohon da ke kiran salla a masallacin lungunmu, ya dogaro sandarsa ya tsaya a kaina. Ya tambaya su nawa ne. Hajiya ta ce da yawa, rana ɗaya. Ya yi salati, ya tambaya haɗarin mota ne. Ta ce a'a, a bakin aiki suka tafi.

"Allah ya ba ka haƙuri, ɗiyata," in ji shi.

Na ce amin, kuma har cikin raina na faɗa.

Adiza ce ta kasa daurewa. Ta toshe baki da zane, kafaɗunta suna rawa, har ta fashe ta gaya masa ko su wane ne. Tsakar gidan ya ɗauki dariya, Hajiya ta fi kowa, baki buɗe. Baba Ladan bai yi dariya ba. Ya tsaya da masarsa a hannu, an ciji rabi, yana kallonta yana nazari. Can ya ɗaga kai.

"To, ai su ma bayin Allah ne," ya ce. Ya cinye sauran, ya miƙa hannu aka ƙara masa biyu.